Azumin Jama'a Don Albarkar Kwanakin Ƙarshe Da Fita Daga Talauci: Tambayoyin Masu Bi A Legas

Daga Janairu zuwa Ista, da wuya ka shiga ikkilisiyar Hausa a Legas, ko a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ko Ojo, ko cikin barikin soja, ba ka ji sanarwar azumi da addu'a ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, kan maganar azumin ya fi karkata ga abu biyu: albarkar kwanakin ƙarshe da kuɓuta daga talauci. Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwa suka fi kawowa gaban fastoci, dattawa da ma'aikatan jinya na cikin ikkilisiya. Abin da ya shafi lafiya a nan bai ɗauke wa kowa ganin likita ba.

Yesu ya ce a yi azumi a ɓoye. Ina dalilin yin shela a taru?

Abin da Ubangiji ya hana a Matiyu 6:16-18 shi ne riya, wato mutum ya ɓata fuska, ya yi yaushi da gangan don a yi masa sannu. Bai hana jama'a haɗa kai ba. Yehoshafat ya yi shelar azumi a dukan Yahuza da ya ji Mowabawa da Ammonawa sun taso masa (2 Tarihi 20:3). Ezra ya tara masu komowa daga bauta a bakin kogin Ahawa suka yi azumi don neman kariya a hanya. Esta ta sa Yahudawan Shushan suka yi kwana uku. A Antakiya ma, ana cikin sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 13:2-3).

Dukansu sun san abin da ya kai su gaban Allah, suna iya faɗinsa da baki ɗaya. Haka ya kamata namu ya zama. Inda riya take shigowa yanzu shi ne ƙirga kwanaki a WhatsApp da Facebook, da tambayar juna a bakin coci, "Kai kana na nawa?" A bar wannan.

Mece ce wannan albarkar kwanakin ƙarshe da ake ta ambata?

Tushenta Yowel sura 2 ne, kuma ya kamata a karanta surar duka, kada a tsinci aya ɗaya. Fara ta cinye amfanin gona, ƙasa ta bushe, har hadayar gari da ta sha ta yanke a Haikali. Annabin ya ce a busa ƙaho, a keɓe azumi, a tara jama'a, a tsage zuciya maimakon tufafi. Sai Allah ya yi alkawarin hatsi da mai, da ruwan sama na farko da na ƙarshe, da mayar da shekarun da fara ta ci. Bayan wannan ne ya ce zai zubo Ruhunsa a kan dukan mutane, maza da mata, tsofaffi da samari, har bayi.

Ranar Fentikos Bitrus ya miƙe ya ce abin da Yowel ya faɗa ke nan yake cika (Ayyukan Manzanni 2:16-21). Ibraniyawa 1:2 ma ta kira zamanin zuwan Yesu kwanakin ƙarshe. Ashe tun daga lokacin muke ciki, kuma albarkar da aka kira da sunanta ita ce Ruhu Mai Tsarki da ceto ga duk wanda ya kira sunan Ubangiji.

Wannan bai mai da roƙon kuɗin haya ko kuɗin makaranta abin kunya ba. Allahn da ya yi alkawarin Ruhu shi ya fara da maganar hatsi a sura ɗaya. Roƙe shi kai tsaye. Amma duk wanda ya ce muku an nuna masa shekara ko watan dawowar Almasihu, don haka a yi wannan azumi kafin ƙofa ta rufe, ya saɓa wa Matiyu 24:36 da Ayyukan Manzanni 1:7.

Baba Fasto, an ce kafin Yesu ya dawo dukiyar mugaye za ta koma hannun masu bi. Haka ne?

Ayoyin da ake kafa wannan koyarwa a kansu sanannu ne. Karin Magana 13:22 ta ce ana tara dukiyar mai zunubi domin adali. Haggai 2:8 ta ce azurfa da zinariya na Ubangiji ne. Fitowa 12:35-36 ta ba da labarin kayan da Masarawa suka ba Isra'ilawa. Yakubu 5:3 kuma ta yi maganar masu tara dukiya a kwanakin ƙarshe.

In an duba kowace a inda take, ba ta kai inda ake jan ta ba. Karin magana tana faɗin yadda al'amura sukan kasance ne, ba ta sa rana. Haggai yana ƙarfafa mutanen da ke sake gina Haikali. Yakubu kuwa hukunci yake shela wa masu arzikin da suka danne ladan masu yi musu girbi, bai ce za a kwashe kuɗinsu a raba wa ikkilisiya ba. Da Bulus ya zo kwatanta kwanakin ƙarshe, son kuɗi ya lissafa cikin alamun lalacewa (2 Timoti 3:1-2). A Tasalonika, ikkilisiyar da maganar zuwan Ubangiji ta fi damu, wasu sun daina aiki, ya ce musu wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Muna tsayawa a kan wannan ne saboda ɓarnar da yake yi. Wanda ya gaskata cewa kuɗi zai faɗo masa ba tare da sana'a ba, shi ne farkon wanda masu ninka kuɗi suke kamawa. Cikin irin waɗannan harkokin, MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025, kuma masu bi suna cikin waɗanda suka yi asara. Duk harkar da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ko a bakin coci aka kawo ta, ko da addu'a aka buɗe ta, ku guje ta.

To, azumi yana fitar da mutum daga talauci ko ba ya yi?

Azumi ba kuɗin saye ba ne. Ba a biyan Allah da yunwa ya ba da jari. Amma Littafi Mai Tsarki ya haɗa azumi da kwance talauci, sai dai ta hanyar da ba mu cika son ji ba.

A Ishaya 58 mutane sun yi gunaguni cewa sun yi azumi Allah bai kula ba. Amsar da ya ba su ita ce, a ranar azumin suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Ya ce azumin da ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar zalunci, a saki waɗanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci, a shigar da marar wurin kwana gida, a suturta huntu, kada mutum ya ɓoye wa danginsa. Bayan wannan ne alkawarin haske da warkarwa ya zo.

A Legas wannan ba magana ce ta sama ba. Akwai yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara biyu tana wanke-wanke ba a sa ta aji ba. Akwai maigadin da yake bin albashinsa na wata uku, da yaron shagon da lokacin sallamarsa ya wuce, da gwauruwar da aka karɓi bashi a hannunta aka yi shiru. In mai riƙe da haƙƙinsu yana benci ɗaya da su yana addu'ar karya talauci, kuɓutar da suke roƙo tana aljihunsa. Ya biya kafin ranar farko ta azumi.

Nehemiya ya nuna ɗaya gefen. Ya yi kuka da azumi, amma da sarki ya tambaye shi me yake so, ya san amsar: izinin tafiya, wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya, da katako. Daga baya da talakawa suka koka cewa sun jinginar da gonaki da gidaje don hatsi, ya tara manya ya sa suka mayar. Ga mai azumin talauci, aikin da ya dace da kwanakin nan shi ne ya ɗauki biro da takarda ya rubuta abin da ke shigowa a wata, abin da ke fita, da duk bashin da ake binsa tare da ruwansa. Misali, bashin naira 50,000 mai ruwan kashi 20 cikin ɗari a wata yana cin naira 10,000 duk wata. Cikin wata biyar ka biya daidai uwar kuɗin, ita kuma tana nan ba ta ragu ba. Irin wannan bashi, wanda galibi na manhajojin waya ne, shi ake fara kashewa. Kuɗin cacar ƙwallo ma a rubuta shi, kada a ɓoye.

Kwana nawa ya kamata, kuma wane iri?

Sabon Alkawari bai sa adadi ba. Manyan cocin da muke zaune kusa da su suna da tsarinsu: Winners suna yin kwana 21 a Janairu, Mountain of Fire (MFM) suna da na kwana 70 duk shekara, Redeemed (RCCG) sukan fara a Janairu, tsawonsa yana bambanta, akwai shekarun da ya kai kwana 100. Yawancin masu bin waɗannan suna buɗe baki kowace rana. 'Yan Katolika da Angilika suna da kwana 40 daga Larabar Toka zuwa Ista, ban da ranakun Lahadi. A Katolika, azumin dole na Larabar Toka ne da Juma'ar da aka gicciye Yesu, a kan masu shekara 18 zuwa 59, kuma ana cin cikakken abinci sau ɗaya. Masu bi na ƙarnonin farko Laraba da Juma'a suke yi.

Abin da aka fi yi a ikkilisiyoyinmu shi ne daga 6 na safe zuwa 12 na rana, ko 3, ko 6 na yamma. Akwai kuma irin na Daniyel 10:2-3, mako uku ba nama ba abincin marmari, ana cin wake, ganye, gero da makamantansu. Shawararmu ga ikkilisiyar da yawancin membobinta aikin ƙarfi suke yi: kwana uku ko bakwai, zuwa ƙarfe 3, ana shan ruwa. Kwana uku da kowa ya shiga ya fi kwana 40 da aka kai mako na biyu saura mutum biyar.

Shan ruwa yana karya azumi?

Ya danganta da abin da aka shelanta, don haka shugabanni su faɗa a fili tun farko. A ganinmu, a Legas a sha ruwa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana yakan haura digiri 32, iska kuma cike take da laima, gumi yana zuba ba ya bushewa, jiki yana asarar ruwa da gishiri ko kana zaune cikin cunkoson mota ne kawai.

Wanda ya zaɓi ba ci ba sha, kada ya wuce wuni ɗaya. Tsakanin buɗe baki da wayewar gari ya sha ruwan leda biyar zuwa shida, wato lita biyu da rabi zuwa uku, kaɗan-kaɗan. Fitsari ne ma'auni: in ya yi duhu kuma ya yi kaɗan, ruwa ya gaza. Kwana ukun Esta na ranar da aka yanke wa al'umma hukuncin kisa ne, ba a mai da shi al'ada ba. Kwana 40 na Musa ba ci ba sha kuwa ikon Allah ne, ba a umarci kowa ya gwada ba. Ƙoda tana iya lalacewa tun kafin mutum ya faɗi.

Ni ɗan dako ne a Mile 12, ƙanena kuma gadin dare yake yi. Yaya za mu yi?

Ɗan'uwa, kai da ke sauke buhun albasa da kwandon tumatir tun asuba, yi naka zuwa 12 da ruwa, ko ka bi na Daniyel, ko ka mai da cikakken wunin zuwa ranar da ba ka fita. Mai gadin dare ya juya sa'o'in: ya ci kafin ya kama aiki, ya bar abincin da yakan ci in ya tashi barci, ya yi addu'arsa a lokacin. Direban tirela a Apapa, mai danfo, mai keke, mai hawa gini da mai aiki da inji, ba ransu kaɗai ke hannunsu ba. Jiri na daƙiƙa biyu ya isa.

Shugabanni su tuna da Saul. Ya rantsar da mayaƙa kada kowa ya ci har yamma, suka galabaita, Jonatan ya ce mahaifinsa ya wahalar da ƙasar (1 Sama'ila 14:24-30). Wanda ke zaune a ofishi kada ya yanka wa mai ɗaukar kaya irin azuminsa.

Su wa bai kamata su bar abinci ba?

Mai ciki, mai shayarwa, ƙananan yara, tsoho mai rauni, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mai gyambon ciki da ke tashi, da wanda bai daɗe da tashi daga jinya ko tiyata ba. Rashin ruwa yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila.

Mai ciwon suga ya ga likita kafin ya fara, musamman mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, domin waɗannan suna ci gaba da sauke suga ko ba a ci komai ba. In likita ya yarda, ya riƙa gwadawa da na'ura. Suga ƙasa da 70, ko sama da 300 (a ma'aunin mg/dL), a karya azumin nan take. In ya sauka, alamunsa rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya da ruɗewa. A ba shi ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari cikin ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki.

Magani ba a ajiye shi don azumi. Na hawan jini, na farfaɗiya, na tarin fuka, na ƙanjamau da na taɓin hankali, a sha a kan lokaci. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem yana bukatar abinci mai ɗan maiƙo kafin ya shiga jini sosai, saboda haka mai shan sa ya ci, ya kammala kwana ukunsa. Ibuprofen da diclofenac da masu aikin ƙarfi suke yawan sha suna cin bangon ciki in babu abinci.

Duk waɗannan suna cikin azumin jama'a ta halartar addu'a, da barin nama ko waya ko talabijin, da sa hannu a baikon taimako. Kada a bar Mama mai ciwon suga ta ji kamar bangaskiyarta ce ta gaza.

Ciwon kai da warin baki fa?

Ciwon kai na kwana biyun farko yawanci na rashin ruwa ne, ko na yanke goro, shayi da kofi farat ɗaya. A fara rage su kwana uku ko huɗu kafin azumi. Warin baki yana zuwa ne daga bushewar miyau da kitsen da jiki ya koma ƙonawa. Goge baki da harshe ba ya karya komai. Yesu da kansa ya ce a wanke fuska a shafa mai.

Da me ake buɗe baki?

Azumin wuni ɗaya ba shi da wahala. Ruwa kofi ɗaya ko biyu, sai kankana, gwanda ko ayaba, sai koko ko kunu mai ɗumi. A dakata kamar rabin sa'a kafin tuwo ko shinkafa, kuma a ci daidai cin kullum. Abin da ke kawo ƙwannafi da kumburin ciki shi ne a fara da lemon kwalba mai sanyi, a bi da soye-soye da yaji, a kwanta. Wani kuskuren kuma na aljihu ne: gidaje da yawa suna kashe kuɗin cefane a lokacin azumi fiye da kullum, don ana rama na rana da dare.

Bayan kwana uku a kan ruwa kaɗai, ranar farko koko ne, romo da 'ya'yan itace, kaɗan-kaɗan duk bayan sa'a biyu ko uku. Rana ta biyu faten dankali, alale ko ƙwai. Tuwo da nama sai ta uku.

Wanda ya kai kwana biyar ko fiye ba abinci yana cikin wani haɗarin da mutane ba su sani ba. In ya cika ciki da shinkafa, burodi ko sukari a lokaci ɗaya, insulin yakan tashi ya janye sinadaran fosfet, fotasiyam da magnisiyam daga jini zuwa cikin tsoka, sai bugun zuciya ya rikice. Yakan faru a kwana ukun farko bayan an koma cin abinci, lokacin da kowa ya ɗauka an tsallake. Irin wannan dogon azumi ba a shigarsa ko a fita daga cikinsa sai da kulawar likita.

Wace alama ce za ta sa a dakatar da mutum ko da ya ƙi?

Suma, ruɗewa ko magana ba kan gado, ciwon ƙirji, bugun zuciya da ya ƙi daidaita, aman jini ko baƙin bayan gida, amai da gudawa, ko wuni guda ba fitsari. In yana iya haɗiya, a haɗa masa ruwan leda biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa ana hanyar asibiti. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767. A yi masa addu'a a cikin mota. Kada a tsare shi a coci ana cewa yaƙin ruhu ne.

An ce in shuka iri, wato in ba da kuɗi a coci, kafin azumina ya karɓu. In ci bashi in bayar?

A'a, 'yar'uwa. Bayarwa tana da kyau, amma Bulus ya ce ana karɓarta gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma ba da tilas ba (2 Korantiyawa 8:12 da 9:7). Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Duk inda aka sa wa addu'a farashi, aka jera layin masu dubu hamsin daban da na masu dubu biyar, ko aka ce ki kawo jarinki ko kuɗin hayarki, ki riƙe kuɗinki ki sanar da dattawan ikkilisiyarki.

Talaucin gidanmu la'anar kakanni ce?

Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, Galatiyawa 3:13 kuma ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana. Wanda ya taɓa shiga tsafi ya tuba ya rabu da shi, magana ta ƙare. Abin da aka fi gada shi ne rashin makaranta, gonar da rikici ya raba iyali da ita, bashi, da ɗawainiyar mutum goma a kan albashi ɗaya. Waɗannan suna da magani, ko da a hankali ne. Muna roƙonku, kada azumi ya ƙare da zargin wata tsohuwa a ƙauye da maita. An raba gidaje da yawa ta haka.

Mata da miji fa? In kuma na manta na ci?

1 Korantiyawa 7:5 ta ce ƙaurace wa juna don addu'a sai da yardar su biyun, kuma na ɗan lokaci. Matar da mijinta ba ya azumi ta dafa wa gida kamar kullum. Wanda ya manta ya ci, ko ya kasa, ya ci gaba daga inda yake. Babu ramuwa ko tara a kansa.

Mu kwamiti ne. Yaya za mu tsara na ikkilisiyarmu?

Ku sanar mako biyu kafin lokaci, da ranakun, da sa'o'in, da matsayin ruwa, da waɗanda aka ɗauke wa. A faɗa daga bagade, kada a bar shi a raɗa. Ku ba kowace rana kan addu'a ɗaya da nassi ɗaya, ku fara da tuba da sulhu kafin roƙo. Ku nemi ma'aikacin jinya ko biyu cikin membobi su auna hawan jini da suga a Lahadin da ta gabaci azumin.

Taron yamma kada ya wuce sa'a ɗaya. Wanda ya taso daga Lekki zuwa Agege bayan aiki ba zai iso ƙarfe 6 ba, saboda haka ku raba jama'a gida-gida bisa unguwa, a haɗu gaba ɗaya ranar Juma'a ko Lahadi. In za a kwana ana addu'a, lasifika ta tsaya a ciki. Hukumar kare muhalli ta Legas, LASEPA, tana rufe wuraren ibada saboda ƙara, kuma maƙwabcin da aka hana barci ba zai saurari bishara da safe ba. In azuminku ya haɗu da watan Ramadan, ku yi wa 'yan'uwanmu Musulmi barka da shan ruwa, ku karɓi ƙosai da kunun da suka aiko, ku ma ku aika.

Sai babban abu, kuɗin abincin da ba a ci ba. A tara shi kullum, mutum biyu su ƙirga, na uku ya rubuta, kada ya kwana a hannun mutum ɗaya. A misali, mutum 40 da ke ajiye naira 500 kowace rana, a kwana 21 sun tara naira 420,000. Zumuntar mata ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, a tambaye su, kuma a kai taimakon a asirce.

Mun gama, ba abin da ya canza. Allah bai ji ba ne?

Dawuda ya yi azumi yana kwance a ƙasa don ɗansa, yaron ya mutu a rana ta bakwai, ya tashi ya yi wanka ya shiga ya yi sujada (2 Sama'ila 12:16-20). Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ce masa alheri ya ishe shi. Ba a ce wa ɗayansu azuminsa ko addu'arsa ba ta cika ba. Kada ka yarda a ce maka ka ƙara kwana ko ka ƙara kuɗi don ka tilasta wa Allah. Ka ci gaba da roƙo, kuma ka faɗa wa dattawa halin da kake ciki a fili, domin Ayyukan Manzanni 4:34 ta ce ba mai rashi a cikin masu bi na farko, dalilin kuwa masu shi suna kawowa ana rabawa.

Bayan an rufe azumi, me ya rage wa kwamiti?

A Lahadin farko a karanta lissafi a gaban jama'a: abin da ya shigo, abin da ya fita, ba tare da sunan waɗanda aka taimaka wa ba. A raba kuɗin gida biyu. Kashi ɗaya na gaggawa ne, abinci da asibiti, ba a biya. Ɗayan jari ne mai juyawa ba ruwa, ana mayarwa mako-mako a ba na gaba, kuma a fara da masu sana'ar da ke tafiya, irin mai ƙosai, mai ɗinki, mai gyaran waya. In adashi za a kafa, a rubuta jerin kwasa tun ranar farko, kowa ya sa hannu.

A sa matasa biyu masu iya cike takarda su taimaka wa membobi yin rajistar mazauna Legas ta hukumar LASRRA, domin ana neman ta wajen rancen asusun tallafa wa sana'o'i na LSETF da gwamnatin jiha ta kafa a 2016, su kuma bincika wa iyalai inshorar lafiya ta Ilera Eko, tunda jinya ɗaya tana iya cinye jarin shekara. Masu sana'a a ikkilisiya, makanike, birkila, mai walda, tela, kowa ya faɗi yaro nawa zai ɗauka koyo. A sa ranar sake zama bayan kwana 30, a zo da littafin lissafin da sunayen yaran da aka riga aka kai wurin aiki.